Idon Da Ya Rage Wa Malam Ɗalha

Hancin Malam Ɗalha ya kusa taɓa ƙyallen da yake zane a kai. Ya ja baya, ya dubi fadamar Wurogauri, ya sake matsowa. Hantsi ya yi, ruwan da ya kwanta tun damina ya fara janyewa, shinkafa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje. Shi kuwa duk wannan bai wuce masa wani fili mai launin ruwan shayi ba, kamar an shanya tsohon mayafi tsakaninsa da duniya. Ya lakato fenti da burushi, ya shafa inda yake zaton nan ne bakin ruwa.

Ɗanjuma, mai gonar, ya fito daga cikin shinkafa da laka har gwiwa. Ya zagayo bayan Malam, ya riƙe ƙugu yana kallo, yadda ya saba yi duk kaka.

"Malam, yau kuma gobara munka yi?"

"Wace irin gobara?"

"To, na ga ruwan namu ya yi ja wur. In da kihi ciki ai ya gasu."

Ɗanjuma ya yi dariyarsa ya koma gona. Wannan zolaya ta tsufa a tsakaninsu, don bai taɓa ganin gonarsa a zanen Malam ya gane ta ba. Amma yau Malam Ɗalha bai taya shi dariyar ba. Ya ɗaga burushin har gaban idonsa yana jujjuyawa. Shi a ransa fenti mai launin ruwan ƙasa ya ɗebo. Da can in ya zuba ja a cikin ruwa, shi ya ga dama, kuma ya san dalili. Yau bai san ya zuba ba. Kuma idon da ya yi masa wannan ƙarya shi kaɗai gare shi.

* * *

A Gwandu aka haife shi, a gidan malamai inda ake gadon allo da tawada. Shi sai ya bar tawada ya kama fenti. Ya yi karatun zane a Zariya, ya dawo ya koyar a makarantar sakandare har ya yi ritaya. Abu ɗaya ne bai ƙetare ba daga tarbiyyar gidansu: ba ya zana mai rai. Ba mutum, ba saniya, ko balbela ba ta taɓa ratsa ƙyallensa ba. Ƙasa kawai, da ruwa, da giginya, da jajayen tsaunukan Kalgo. Su ɗin ma ba yadda kowa ke ganinsu ba. Gonaki sukan fito masa faci-faci kamar rigar da ta sha ɗinki, tsauni ya zama dunƙulen makuba, sama ta sauko ta zauna kafaɗa da kafaɗa da ƙasa, babu nesa babu kusa. Baƙi daga Kaduna da Legas sukan zo su tsaya gaban zanen su yi shiru, su gyaɗa kai, su saya. Mutanen unguwa kuwa cewa suke yi Malam ya iya ɓarnar yadi. Ko Hajjo matarsa ta taɓa toshe tagar madafi da wani, ranar da ruwa ya zo da iska, kuma har yau tana cewa shi ne zanen da ya fi yi mata amfani.

Idon hagu tun yana yaro ya mutu. Ana girbin gero, yara suna wasan jifa da kara, wansa Siddiƙu ya saita ya sako, karan ya same shi. Mahaifiyarsu ta ce ƙaddara ce, ta rufe maganar, ba a sake buɗe ta a gidan ba. Siddiƙu ya girma ya zama Alhaji Siddiƙu dillalin albasa, shi ne babban gida bayan rasuwar mahaifinsu. Shi ya riƙe Ɗalha, shi ya yi masa aure. Har suka tsufa, in suna tafiya masallaci, sai Alhaji ya koma ɓangaren hagun ƙaninsa ba tare da ya ce komai ba, ya tare masa babura da akuyoyi. Ɗalha bai taɓa riƙe shi a zuciya ba. Abin da ke damunsa ma shi ne yadda Alhaji ya kasa sauke abin daga tasa zuciyar.

An ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Malam Ɗalha bai jira ganin makaho ba. Ya gode tun da wuri, ya kuma mori idon nan iyakar mora.

Daga fadama ya koma gidan 'yarsa Khairiyya, wadda ke aure a Kalgo, inda yakan sauka duk lokacin zane. Bai ɓoye mata ba. Washegari ta sa shi a mota zuwa asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya haska idon ya ce yanar ido ce, kuma ta nuna. Aikin mai sauƙi ne, a cire ta a sa masa ɗan gilashi a gurbinta. Sai dai jininsa ya hau, dole ya sha magani ya sauka tukuna, ya dawo bayan wata guda.

"Baba, ido ɗaya ne," in ji likitan. "Don Allah kada ka bari kowa ya taɓa shi kafin ka dawo."

Malam ya yi murmushi. Shi da ko tozali ba ya yarda Hajjo ta sa masa, wa zai bari ya taɓa?

* * *

Alhaji Siddiƙu bai ji daɗin wannan jira ba. A wurinsa asibiti gidan je-ka-ka-dawo ne. Kullum da safe sai ya leƙo zauren ƙaninsa, ya tarar da shi zaune hannu ba fenti, yana lalubar butar alwala da ke gabansa. Sai ya gaishe shi a gurguje ya fita, ransa a ɓace.

Ranar kasuwar Kambaza, bayan azahar, Malam ya ji ƙarar babura a ƙofar gida da hayaniyar mutane. Alhaji ne, da tsufansa da ciwon gwiwarsa, ya hau kabu-kabu ya je kasuwar da kansa ya ɗauko wani baƙo. Sule mai ido ake ce masa. Bin kasuwanni yake yi da 'yar jakar fata yana kwantar da yana: ya soka allura ta gefen ido, ya tura yanar ta faɗa ciki, mutum ya buɗe ido ya ga haske nan take. Maƙwabta suka biyo su, kafin a ce haka zaure ya cika.

"Ɗalha, ga shi na kawo maka," in ji Alhaji, yana haki. "Da idona nig ga tsohuwa ta zo ana ja mata sanda, ta koma gida da ƙahwarta. Ba kwana, ba jira."

"Yaya, likita ya ce in dakata. Ya ce kada a taɓa."

"Likita yaro na. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi."

Sule ya yi dariya mai laushi, irin ta wanda ya saba da wannan gardama. "Su yanka su kai, Malam. Mu ko jini ba mu hiddawa."

Hajjo ta ƙwanƙwasa ƙyauren cikin gida. Malam ya nemi gafara ya lallaba ya shiga. Ta kama gefen rigarsa tana magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, kada garin neman gira a rasa ido. Ka ce ba ka jin daɗi yau. Ka ce komi. Bari in kira Khairiyya."

"Kin ji mutanen da ke zaure?"

"Na ji. Idonsu na ko naka?"

Gaskiya ta faɗa, kuma ya sani. Ya koma zaure da amsarsa a shirye: godiya mai yawa, addu'a ga baƙo, sannan a bari sai wata ya kama. Har ya buɗe baki, sai Alhaji ya matso ya kama masa wuyan hannu. Ya sassauta murya, amma a zauren da ya yi tsit ko faɗuwar allura ji ake yi.

"Ɗalha, ban taɓa roƙonka komi ba tun muna yara. Wanga guda ɗai. Bari shi zan ta hannuna kas samu gani."

Ta hannuna. Malam ya ji kalmar har cikin ƙashinsa. Tun ranar girbin geron nan Alhaji bai taɓa matsowa kusa da maganar haka ba. In ya ce a'a yanzu, ya shaida wa unguwa ke nan cewa bai amince wa wansa da ido ba, kuma akwai tsofaffi a zauren da suka san abin da zai sa a yi wannan zato. A gidansu ƙane ba ya mayar da hannun wa. Da nono suka sha kara, kuma kara ba ta tambayar ko abin da aka miƙo maka zuma ce ko maɗaci. Ya san wauta zai yi. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Duk da haka ya ce bismillah.

Aka fito da shi bakin zaure inda haske yake, aka shimfiɗa tabarma. Mutum biyu suka riƙe masa kai. Sule ya ɗiga masa wani ruwa mai raɗaɗi. Daga baya Hajjo, wadda ta leƙo ta kafar ƙyaure, ta gaya masa cewa da gefen rigarsa baƙon ya goge allurar. Shi dai ya ji suka, ya ji dannawa, sannan wani abu ya sulale ya nutse can ciki.

"Buɗe, Malam."

Shuɗi ya fara gani. Samaniyar Gwandu ce, amma ya manta tana da wannan launi. Ashe shekara da shekaru yanar nan tana sace masa shuɗi kaɗan-kaɗan bai sani ba. Komai ya narke, ba ya bambanta fuska da fuska, katanga da darbejiya sun shige juna, amma kowane launi ya fito wankakke. Hawaye suka zubo masa, na zafi da na murna a haɗe.

"Mi kag gani?" in ji Alhaji.

"Shuɗi, Yaya."

Jama'a suka ɗauki kabbara. Alhaji ya juya da sauri ya shige zaure don kada a ga fuskarsa. Sule ya ci tuwo da miyar kaza, ya ce a guji yaji da kallon wuta, ya rataya jakarsa tun rana ba ta faɗi ba.

* * *

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da Malam Ɗalha ya yi cikin shekaru. Ya jingina ƙyallen Wurogauri a katangar tsakar gida, ya rufe jan nan na kuskure, ya shiga zuba shuɗi. Ba ya ganin bakin burushi, don haka ya ajiye shi ya koma shafawa da yatsu da gefen tafin hannu. Fadamar tana kansa, ba sai ya je ba. Ruwa ya hau sama, sama ta sauko cikin shinkafa, giginyu suka tsaya kamar inuwa. Ya san bai taɓa yin zane irin wannan ba, kuma ya yi ta sauri ba tare da ya tambayi kansa dalilin saurin ba.

Alhaji kuwa ya yi sadakar waina. Ya ba da labari a masallaci, ya ba da a rumfar albasa, ya tare mutane a hanya ya ba su. Ran nan har ya shigo tsakar gida ya tsaya gaban zanen, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

"Wanga mi na?"

"Hwadamar Wurogauri ta, Yaya."

Alhaji ya daɗe yana kallo. "To, ruwan ya yi yawa. Amma Allah shi sa albarka."

Ciwon da tsakuwa-tsakuwa ya fara, kamar yashi ya shiga ido. Sannan rabin kai ya ɗauka, ga amai, ga zazzaɓi. Shuɗin ya soma gurɓata. Malam ya ce wa Hajjo gajiya ce, ta ci gaba da matsa masa ruwan ɗumi. Wata safiya ya zauna a bakin ɗaki yana jiran gari ya waye. Ya ji kaji sun sauko, ya ji yara sun wuce makarantar allo, ya ji mai koko tana talla. Can sai ya ji zafin rana a kan ƙafarsa.

Khairiyya ta iso daga Kalgo kafin azahar. A mota kuka kawai take yi tana riƙe da hannunsa. Likitan nan ya haska idon ya daɗe, sannan ya ajiye fitilar.

"Baba, wa ya taɓa?"

Malam ya sunkuyar da kai. Likitan bai sake tambaya ba, don ba shi ne na farko da ya gani ba a wannan kaka. Ya ce ciki ya ruɓe, jijiya ta mutu. Za a iya kashe ciwon, amma gani ya tafi. Aka kwantar da shi 'yan kwanaki, aka sallame shi da magunguna da baƙin gilashi.

A hanyar komawa Gwandu ya ce, "Kada wanda ya hwaɗa ma Yaya."

"Baba, har yanzu kara?" Muryar Khairiyya ta fashe. "Kara ta ci ido, kuma sai mu rufa mata asiri?"

"In ya ji, ba ya kai baɗi. Ni na riga na rasa. Mi za a ƙaru da shi in an rasa shi shi ma?"

Haka aka tsayar. Aka ce likita ya hana shi haske sai idon ya warke sarai. Malam ya koyi hanya daga ɗaki zuwa zaure da tafin ƙafa, ya koyi juya fuska inda murya ta fito. Zanen Wurogauri kuwa Hajjo ta shigar da shi ɗaki ba a gama ba. Wani lokaci yakan shafa shi da hannu, ya ji tudun fentin, ya yi ƙoƙarin tuna inda ya tsaya. Kullum da safe Alhaji zai zo ya zauna.

"Ɗalha, ya idon?"

"Da sauƙi, Yaya."

Wannan "da sauƙi" ita ta fita zaure ta shiga unguwa, ta zaga gari, ta ƙara kitse a hanya. Aka ce Malam har zane yake yi da dare, aka ce allura yake zura wa Hajjo zare.

* * *

Wata ranar kasuwar Kambaza, suna zaune su biyu da hantsi, babur ya tsaya a ƙofa ba a kashe shi ba. Zubair tela ne, maƙwabcinsu. Ya yi sallama daga bakin zaure.

"Alhaji, Malam, ina kwananku. An ce mai idon ga ya dawo Kambaza yau. Ga Inna nan bisa babur, can za mu. Nic ce bari in biyo in ji daga bakin Malam, tunda shi yag gani."

"Hanzarta, yaro, kada layi shi yi tsawo," in ji Alhaji da fara'a. "Ga shaida nan zaune. Bari in kwatanta maka inda shika shimhiɗa."

"Na gode, Alhaji. Malam, in kai ta?"

Malam Ɗalha ya san Inna Zulai, mahaifiyar Zubair. Tare suka tsufa a layin nan, ita tana suyar ƙosai shi yana wucewa makaranta da ƙyallaye a hammata, tana yi masa ba'a. Yanzu yana jin tarinta a waje, cikin ƙugin babur. Yana ce ta rufe mata ido biyun, irin wadda ake cirewa a asibiti mutum ya kwana ɗaya ya tashi yana gani.

Harshen da ya saba da "to, Yaya" tun yana yaro ya ƙi juyawa. In ya yi magana, ya kashe wansa. In ya yi shiru, ya aika Inna Zulai inda ya je. Tunani ya ɗauke shi har ba ya jin motsin zauren. Sai wata dabara ta zo masa, ƙarama, irin ta mai neman tsira da duka biyun. Ba sai ya faɗa ba. Zai nuna wa Zubair kawai, ya juya wa Alhaji ƙeya, yaron yana da hankali, zai gane ya tafi da sirrin.

Ya juya fuskarsa sosai wajen ƙofa, inda ya ji muryar Zubair. Ya sa hannu ya zare gilashin. Ya buɗe idon, wanda ya shanye ya koma fari kamar na dafaffen kifi, ya riƙe shi a buɗe.

"Zubair, diba."



"Malam," in ji Zubair a hankali, daga gefen damansa, inda ya shigo ya durƙusa don girmamawa. "Ga ni nan."

Sai Malam ya gane. Wanda ke tsaye a ƙofa, wanda ya tashi don kwatanta hanya, Alhaji ne. Numfashinsa kawai ake ji, kuma Malam ya san numfashin nan tun suna kwana kan tabarma ɗaya. Zubair ya miƙe ya raɓa ya fita. A waje babur ya mutu, Inna Zulai tana tambayar abin da ya faru.

Sai Malam ya ji takalman wansa suna jan ƙasa, sannu-sannu, suna nisa da zauren, ba sallama.

"Yaya," ya kira.

Ba a amsa ba.